Zanen Yaya Isiyaku da Na Sa Aka Goge

Ran Juma'ar nan Yaya Isiyaku zai cika shekara goma sha huɗu da rasuwa. Duk shekara nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ishe ni.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mai zanen atamfa ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, shi ke fitar da fure da layi da kalar da za a buga a jikin yadi. Da mulki ya dawo hannun farar hula, mu a unguwar Makera mun ɗauka wahala ta ƙare. Sai ga masaƙun suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Abokan aikinsa wasu suka kama acaɓa, wasu suka koma ƙauye. Shi kuwa ya sayi tsohuwar kwamfuta ya ci gaba da zane a ɗaki, wai kada ranar da za a sake buɗe masaƙa a same shi hannu rabbana.

Manhajar da ke kan kwamfutar ta sata ce, irin wadda ake kwafa a kasuwa, kuma sau biyu bairos yana cinye masa aiki. Wata rana ya shigo da faifai, ya ce ya gaji, zai koma Linux, manhajar da masu ita suka bar wa kowa kyauta, har ka buɗe cikinta ka gyara in ka iya. Mako uku ya yi yana fama. Firinta ta ƙi, sauti ya ɗauke. Ni kuwa na samu abin yi.

"Yaya, kayan kyauta fa ka kwaso, me kake tsammani?"

"Kai dai Sani, bakinka ya fi hannunka aiki."

Daga baya komai ya zauna, bai ƙara asarar ko layi ɗaya ba. Amma ban fasa tsokana ba, shi kuma ya yi zuciya, bai koya wa kowa a gidan yadda ake aiki da ita ba. Wannan taurin kan nasa har yau ina jin haushinsa.

Da ya rasu aka raba gado, kwamfutar ta faɗa rabon 'yarsa Hadiza, lokacin tana sakandare. Na sa ta makarantar koyon kwamfuta, ta dawo ta ce abin da ake koya musu bai yi kama da na gida ba. Sai na ɗauki kwamfutar na kai unguwar Romi wurin Bitrus mai gyara, na ce ya goge manhajar ya sa irin wadda kowa ke amfani da ita.

Bitrus ya kunna, ya duba, ya ce, "Malam, wannan fa lafiyarta ƙalau. Akwai aiki da yawa a ciki o. Ka bari in nemo wanda ya san ta mu kwashe, ka dawo jibi."

Na ce ba ni da lokacin zirga-zirga, zane ne kawai, masaƙar ma ta mutu. Ya sake tambayata. Na ɗaga masa murya. Kafin la'asar aikin shekara shida ya tafi. Da na koma gida Hadiza ta tambayi zanen babanta, na ce mata manhajar nan tasa ce ta lalace ta tafi da komai. Wato na goge masa aiki, sannan na ɗora masa laifi yana kabari.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo yau. Masaƙar da ya jira ciyawa ta rufe ƙofarta. Atamfar da matanmu ke ɗaurawa daga waje ake kawo ta. Wayar da ke aljihuna kuwa, an ce a kan tushen manhajar da na yi ta yi wa dariya aka gina ta. Na san ba zai yi mini gori ba, kallona kawai zai yi, kuma hakan ya fi ciwo.

Hadiza yanzu tela ce, tana da shago a Kakuri. Watan jiya ta ce ta samu inda ake buga zane a yadi ko da turmi biyu ne, da ma a ce na babanta yana nan. Nan take na faɗa mata gaskiya duka. Na shirya wa kuka da faɗa, amma ba ta yi ko ɗaya ba. Sai ta miƙo mini takarda da fensir.

"Baffa, ai kullum kana ɗakinsa. Ko guda ɗaya ka tuna, ka kwatanta mini, ni zan ƙarasa."

Na rufe ido na yi ta lalube. Na tuna kujerarsa, na tuna ƙarar fankar kwamfutar, na tuna duk wata baƙar magana da na taɓa yaɓa masa. Abin da ya rage mini na Yaya ke nan. Shekara shida ina tsaye a kansa ina neman abin tsokana, ban taɓa tsayawa na kalli abin da yake zanawa ba.

Na mayar mata da takardar yadda ta ba ni. Allah Ya jiƙan Yaya Isiyaku, ni kuma Ya yafe mini.