Baba Mainasara, Wanda Ya Ƙi Haƙa Mini Rijiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 9 ga Satumba, 2025, Allah Ya karɓi ran Baba Mainasara, mai haƙar rijiya na garinmu Badafi, yana da shekara saba'in da takwas. Mun yi hawaye a maƙabarta, amma a hanyar dawowa kowa barkwancinsa yake tunawa yana murmushi.

Baba, ban manta ranar da ka ƙi yi mini aiki ba. Ina sabon magidanci na nuna maka kwarin bayan gidana, ƙasa da gonar masara da turken shanu. Ka dubi gangaren, ka murza ƙasar a tafin hannunka, ka ce, "Audu, rairayi ne, ba ya riƙe komai. Takin da masara ta rage, iyalinka za su shanye shi. Ni ba na haƙa wa mutane romon taki." Na yi fushi, na kwana uku ban gaishe ka ba. Ka zo da kanka kana dariya, ka ja hannuna zuwa kan tudu. Gaba goma sha biyu ka haƙa kafin ruwa ya ɓullo. 'Ya'yana bakwai da shi suka girma lafiya.

Shekarar da rafinmu ya rufe da gansakuka, kifi yana mutuwa, kai ka bi manoma gona-gona. Ka roƙe su su daina noma har bakin ruwa, su bar ciyawar jema da gamba su tare abin da ruwan sama ke wankowa, kada kuma su watsa taki hadari na haɗuwa. Wasu sun yi maka ba'a, wasu kuma sun bi shawararka. Damina uku aka yi, mata suka koma wanki a rafin, tarwaɗa ta dawo.

Da 'yata Aisha Humaira ta auna ruwan rijiyoyin garin don karatunta na jami'a, sai ta tarar na kwari sun fi ɗaukar sinadarin taki, naka na tudu kuwa garau. Ta kawo maka takardar, ka juya ta sama da ƙasa, ka ce, "Madalla, jikata. Ashe boko ya iso inda nake!"

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya yafe kurakuranka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Inna Laraba, matar Baba, da 'ya'ya da jikoki, Allah Ya ba ku haƙuri. Ba ku kaɗai kuka yi rashin uba ba, Badafi ce gaba ɗaya. Amin.