Gwadabe Mai Labarin Sufeto

Gwadabe ɗan Panshekara ne tun ana kiranta ƙauye. A gonar da mahaifinsa yake shuka dawa aka gina kamfanin fatar da ya ɗauke shi aiki a Challawa, shi ya sa yakan ce bai taɓa canza wurin aiki ba, fartanya kawai ya ajiye. Ya fara da jan fatu daga ramin jiƙo, hanci ɗaure da tsumma, a hankali har ya kai ga injin aski, wanda yake kankare fata da wuƙaƙe masu juyawa. Ba kowa ake ba wa injin nan ba. Da hannu biyu ake tura masa fata, kuma tsakanin yatsun mutum da kaifi bai wuce faɗin tafi ba.

Amma ba da injin aka san Gwadabe ba. A farkon shekarun tamanin ya sayi tsohuwar talabijin baƙi-da-fari, yana fito da ita ƙofar gida ya ɗora a kan benci. Duk ranar Talata bayan magariba layin yakan cika, don ranar ake nuna wasan Sufeto Mamman. Wasan yana da sunansa, sai dai ba mai kiransa da shi. Sufeto ɗan sandan ciki ne mai yawo a kan keke, ba ya fara bincike sai ya ci abincin gidan da aka yi sata, kuma ɓarayin nasa ba sa wuce masu ɗauke rago ko agogon bango. Mutanen layin ba sa kallo da baki a rufe. "Ga shi can bayan ƙofa!" "Kai, ya cusa a aljihu!" Haka ake yi har a tashi.

Masu aikin yamma ba su taɓa gani ba, domin lokacin suna kan inji. Sai ranar Laraba, wajen canjin aiki, su taru a rumfar Mairama mai shinkafa da wake a bakin ƙofar kamfani, Gwadabe ya fito daga aikin safe ya zayyana musu. Yana yin muryar Sufeto, yana yin ta ɓarawo, har ƙarar keken yana yi. Daga nan sai gardama ta ɓarke. Wani ya ce wasan yana koya wa yara dabarun sata. Wani ya ce a ina aka taɓa ganin ɗan sanda ya kama mutum yana ba shi haƙuri? Mairama kuwa ta ce ita abin da yake burge ta, ba a dukan kowa.

"Ni dai a bar min Sufetona," takan ce tana zuba yaji. "Ko ba komai yana yaba girkin mata. Ku kuwa sai ci, sai a ƙaro mai."

Akwai abin da Gwadabe bai faɗa wa kowa ba, har matarsa Atika. Tun bara wani hazo ya fara sauka a idanunsa. Fuskar mutum ta koma inuwa, talabijin ta koma hasken da yake motsi. A kan inji hannunsa ya haddace hanya, da shi yake gani. A wajen kallo kuwa, ihun 'yan layi ne yake gaya masa wanda ya shiga da wanda ya ɓuya, shi kuma ya haɗa da muryoyin ya ɗinke labari. Shekarar kuma ta zo da tsanani, kamfanoni suna ta rage ma'aikata daga Sharada har Bompai. Ya san idan aka ji mai injin aski ba ya gani, shi za a fara sallama, ga yara a makaranta, ga gonar da zai koma babu.

Wata Talata da damina, aka rasa sinadarin jimar fata, aka sallami masu yamma da wuri. Sule, mutumin Damagaram da yake karɓar injin daga hannun Gwadabe kullum, ya biyo shi gida.

"Yau zan ga ƙaryar Bakano da idona," in ji shi.

"Zauna a ƙasa, bawana. Benci na masu gari ne."

Wasa ne irin na Kanawa da Damagarawa, sun gada, ba mai jin haushi. Ana shirin farawa hadari ya taso, aka kwashi talabijin aka shige zaure, 'yan layi kowa ya ruga gida. Ya rage daga Gwadabe sai Sule. Shi kuwa Sule irin mutanen nan ne masu kallo shiru, sai dai ka ji ya yi dariya ta hanci.

A wasan ranar, an sace rediyon wani attajiri, ana zargin direbansa da kukunsa. A ƙarshe, ba tare da ya ce uffan ba, Sufeto ya buɗe tukunyar miya, ya ciro rediyon a naɗe cikin leda, ya sa wa kuku ankwa yana lasar ludayi. Abin da Gwadabe ya ji shi ne ƙarar ankwa, sai muryar direba tana cewa, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, talauci ne." Direban yana roƙar wa abokinsa ne. Gwadabe bai sani ba.

Washegari a rumfar Mairama ya ba da labarin yadda aka kama direba. Ya ƙawata shi sosai, har da inda aka ɓoye rediyon a ƙarƙashin kujerar mota. Wani mai tuƙa motar kamfani ya buga cokali a kwano.

"Kullum direba! Mu ne kaɗai ɓarayi a garin nan? Wallahi na daina jin wasan nan."

"Kai da ba ka taɓa gani ba, me za ka daina?" in ji Mairama. Aka fashe da dariya.

Sule yana gefe yana cin abincinsa. Sai da jiniya ta yi kuka mutane suka watse, ya kamo hannun rigar Gwadabe ya ja shi bayan katanga.

"Kuku aka kama," ya ce. "A tukunyar miya rediyon yake. Kana zaune kusa da ni, fuskarka tana kallon akwatin."

Gwadabe ya kau da kai. "Gyangyaɗi na yi."

"Ka yi dariya a inda ba abin dariya, ka yi shiru a inda na kusa faɗuwa. Gwadabe, tun yaushe?"

Warin jima yana tasowa daga magudana, ana jin injuna sun fara kuka a ciki. "Tun bara," Gwadabe ya ce a hankali. "Don Allah, Sule, ka rufa min asiri. Ka ga yadda ake korar mutane."

"Asirin zan rufa, injin ya buɗe shi da yatsunka? Kakanninmu sun yi yaƙi da ku, amma ba su bar makaho a bakin wuƙa ba. Gobe da safe za mu je wajen foman tare. In ka ƙi, ni kaɗai zan je."

"Amanar ke nan, Badamagare?"

"Ita ke nan, bawana."

Da ya koma gida ya gaya wa Atika. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce ta daɗe tana matsar da buta zuwa inda hannunsa zai same ta, jira take ya faɗa da bakinsa. Wannan ya fi maganar Sule taɓa shi.

Foman ɗin, Malam Haruna, mutum ne mai faɗa. Ya saurare su a tsaye, ya cire hula ya mayar. Gwadabe yana jiran kalmar sallama, har ya fara tunanin wanda zai roƙa ya ba shi aron gona.

"Shekara guda kana tura fata a makance?" in ji Malam Haruna. "Da injin ya cinye hannunka, da ni da kai duk mun tafi. Daga yau kar na ƙara ganinka kusa da shi." Sannan ya sassauta murya. "Ka je asibitin ido a gani. Mahaifiyata haka ta yi, yanar ido ce, aka cire. Sule ya riƙe injin. In ka dawo, akwai wurin shanya, ba wuƙa a can. Zan yi wa manaja magana, amma ban yi maka alkawari ba."

Yanar idon ce kuwa. Sule ne ya raka shi cikin gari a bas, yana tsokanarsa duk hanya wai ya samu Bakano na ja. Aka yi aiki a ido ɗaya, aka ce ɗayan sai ya nuna. Aka ba shi tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, wanda yake mayar da idonsa ƙato. Da ya koma kamfani an sake rage mutane, amma sallamar ba ta hau kansa ba. Aka tura shi wurin shanya, yana baza fatu a inuwa yana juya su. Ya yi kewar injinsa, kuma bai ɓoye ba. Duk wanda ya tambaya sai ya ce an mayar da shi mai wanki.

Larabar farko bayan dawowarsa, rumfar Mairama ta cika fiye da kullum. Ya zauna, ya gyara tabarau, ya ƙi farawa.

"Malam Gwadabe, muna ji," in ji Mairama. "Wa aka kama?"

"Ku dakata tukuna. Ni ma yau ina da ƙorafi." Ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga tumaki. "Gashin bakin Sufeto na ƙarya ne. Da danƙo aka liƙa shi. Jiya yana shan kunu gefe ɗaya ya ɗago, ya sa yatsa ya danne. Duk layinmu sun sani, ba wanda ya taɓa gaya min."

"To za ka daina kallo ke nan?" in ji Sule.

"In daina? Yanzu na fara. Mairama, ƙaro wake. To, wani Alhaji ne a Na'ibawa aka sace masa agwagwa…"