Sau Uku a Rana

Salama gare ku, 'yan'uwa. Na daɗe ban ce uffan a nan ba, har wasu sun fara tambayar 'ya'yana ko tsohuwa tana nan. Ina nan daram. Idanu ne suka yi rauni, kuma da yatsa ɗaya nake rubutu. Yau zan ba ku labarin da ban taɓa rubutawa ba, na ciwon da ya kusa ɗauke ni ina 'yar firamare a Kafanchan, tun kafin a ba ƙasar nan mulkin kai.

Babanmu ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yau yana gida, gobe ya bi layi. Mama ce gidan. Tana da keken ɗinki na hannu a kan wani tebur mai gurguwar ƙafa, an tokare ta da dutse. Ba ta da shago. Mata ne ke kawo mata aiki har ɗaki: rigar baftisma, kayan makaranta, facin wandon kaki. Hannu ɗaya na juya keke, ƙanena Bulus na goye a baya, kunnenta na kan tukunyar paten acca. Ni Rifkatu, ni ce mai sa mata zare a allura, ina ji da wannan muƙami ƙwarai.

Daga wani ƙauye kusa da Madakiya aka auro ta. Hausarta ta kasuwa ce da ta coci, a gida yarenmu muke yi.

Da tari ya fara, tsakiyar damina. Sai zazzaɓi. Sai ya zama in na ja numfashi kamar ana soka mini tsinke a haƙarƙari. Baba ba ya gari. Mama ta bar Bulus wurin maƙwabciyarmu, Maman Yohanna, ta goya ni da girmana har asibiti.

An sa mini wani siririn gilashi a hammata. Likita ya ɗora abin sauraro mai sanyi a bayana, ya ce sanyi ya kama huhu. Kuɗin ɗinkin makon nan duka a nan suka tafi. Malamin da ke ba da magani ya miƙo ƙwayoyi farare ta taga, layi ya yi tsawo a bayanmu, ya ce, "Ɗaya-ɗaya, sau uku a rana."

Mama ta ce, "To, Malam."

Ita abin da ta ji shi ne, a cikin rana. A ƙarƙashin hasken rana. Kuma ya yi mata ma'ana: ba sanyi aka ce ya kama ni ba?

Sai ta jawo teburin kekenta bakin ƙofa, inda za ta riƙa ganin sama. Tana ɗinki tana leƙe. Rana na taɓa tsakar gida, sai ta saki hannun keke, ta sungume ni cikin bargo, ta zaunar da ni a kan turmi, ta ba ni ƙwaya da ruwan ɗumi. Har yau ina jin ɗumin nan a fuskata. Na fara samun sauƙi, har na nemi kunu.

Sai marka ta sauka.

Wanda ya san Kafanchan ya san abin da nake nufi. Ruwa ba ƙaƙƙautawa, sama ta rufe ruf. Magani na ɗaure a bakin zanen Mama, ni ina kwance ina fizgar numfashi, ita kuma tana tsoron ta ba ni a inuwa ya zama guba. Keke ya yi shiru. Masu kaya suka zo suka koma, ba ta ma san me take ce musu ba. Na ji ta a bakin ƙofa tana cewa, "Ya Yesu, ka buɗe rana ko kaɗan. Ba na roƙon komai bayan wannan."

Na ji tsoro sosai. Ba mutuwa na sani ba lokacin, fuskar Mama ce ta ba ni tsoro.

Maman Yohanna ce ta shigo karɓar rigarta, ta ga leɓɓana sun canza launi, ta ƙwalla ihu. A cikin ruwan nan suka kai ni asibiti, an lulluɓe ni da yadin mutane.

Wata nas ta kwance bakin zanen, ta ga ƙwayoyi. Ta ce, "Mama, me ya sa ba ki ba ta ba?"

Mama ta ce, "Sista, rana bai fito ba. Malam ya ce a rana."

Nas ta ajiye ƙwayoyin. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Ta kama hannun Mama ta ce, "Safe, tsakar rana, yamma. Ko ana ruwa, ko ba a yi." Allah ya saka wa matar nan, ban san sunanta ba.

Aka kwantar da ni. Allura safe da yamma, har zama ya gagare ni. Mama na shimfiɗa tabarma a gefen gado, tana ɗinkin hannu don kada aikin mutane ya kwana da yawa. Ranar da na ce ta miƙo allura in sa mata zare, ta rufe fuska da zane ta yi kuka.

Na warke sarai. Ga ni da jikoki. Na gode wa Ubangiji, na gode wa maƙwabtan kirki.

Shawarata: in kun raka tsoho ko baƙo asibiti, kada ku yarda da "to" ɗinsa. Ku sa ya maimaita abin da aka ce da bakinsa, in ya yiwu da yarensa. Ku ma masu ba da magani, ku ƙara kalma biyu, ba za su rage ku da komai ba. Tarin yaro da ya zo da saurin numfashi kuma, kada a jira shi.

Matan layinmu sun daɗe suna tsokanar Mama. In gari ya yi hadari sai su ce, "Maman Rifkatu, yau babu shan magani!" Takan yi murmushi ta ci gaba da juya kekenta. Sau ɗaya kawai na ji ta amsa, ba ta ko ɗaga kai ba.

Ta ce, "Ku yi dariya. Da Malam ya ce a wuta, da na shiga da yarinya na."