Ranar da Nuhad Ta Cakuɗa Takardun Zaɓe

Duk wanda aka haifa ko aka aurar ko aka binne a Kafar Sinan, sunansa ya bi ta hannun Nuhad Sarkis. Ita ke da shagon buga takardu ɗaya tilo a garinmu, wanda ta gada wajen mahaifinta. Gajera ce mai faɗa, tabarau a kan hanci, yatsunta baƙi ƙirin da tawada har ranar Lahadi a coci. Kai mata katin biki da kuskure, sai ta gyara kuskuren sannan ta gyara maka zama. Ni direban tifa ne a Kamfani, shekara goma sha tara, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidana da shagonta.

Kamfani kawai muke ce masa, don babu wani. Shi ke fasa dutsen da ke bayan gari. Shi ya gina mana asibiti, ya yi wa coci rufi, ya yi wa masallaci fenti a wata guda don kada wani ya yi ƙorafi. Abin da yake so a wurinmu kuwa bai taka kara ya karya ba, in ji shi: kujeru goma sha biyu na majalisar gari, tunda majalisa ce ke sa hannu kafin a ƙara cin dutsen.

A zaɓen majalisa kowa da takardarsa yake zuwa. 'Yan takara ne ke buga jerin sunayensu su raba, ka shiga da ita, in ka ga dama ka soke wani suna ka rubuta wani, ka jefa. Kamfani sai ya gano dabara. Dangi goma sha huɗu ne a garin, don haka yakan sa Nuhad ta buga takardar kala goma sha huɗu. Sunayen ɗaya ne, jerinsu ne ya bambanta. Ta gidan Sarkis ta fara da wane, ta gidan Darwish ta fara da wani. Wajen ƙidaya ana ɗaga kowace takarda wakilai su gani, lauyan Kamfani na zaune da littafinsa, ya san gidan da aka yi wa Kamfani tsaurin ido.

A zaɓen da ya wuce takardu goma sha ɗaya suka fito daga gidan Sarkis da soke-soke. Kafin wata ya ƙare an sallami 'yan gidan shida daga aiki. Cikinsu har da Mitri, ƙanen Nuhad uwa ɗaya uba ɗaya. Ya zo ƙofar shagon ranar, ina tsaye, ya ce, “Yaya, da injin babanmu kika yi min wannan.” Daga nan bai sake yi mata magana ba. Shekara shida. Ya koma gyaran tayoyi a bakin titi. In ya hango ta sai ya tsallaka. Da ɗansa zai yi aure, can birnin Tarabulus ya kai aka buga kati, kuma katin bai zo gidanta ba. Nuhad ba ta taɓa kuka a gaban mutane ba, amma abin ya ci ta. Ta rame, faɗan ma ya ragu, har muka fara kewar zaginta.

Bana da zaɓe ya matso, Kamfani ya nemi gangaren da ke saman idon ruwanmu, inda itatuwan zaitun suke. Kowa ya san in aka fasa wurin ruwan ya tafi. Malaman makaranta da wasu manoma suka tsaya takara. Muna son su ƙwarai, a zuci. A baki kuwa kowa na cewa Allah ya ja zamanin Kamfani, ni ma a ciki, don 'ya'yana huɗu ne.

Ranar Laraba Lauya Ghassan na Kamfani ya zo daga Beirut da motarsa mai sheƙi. Ina shagon ina shan gahawa.

“Madam Nuhad, irin na wancan karon. Kowane gida da ƙunshinsa.”

“Wancan karon ƙanena na rasa, ranka ya daɗe. Wannan karon me zan rasa?”

Ya yi dariya. “Kin faye wasa. Rasit ɗinmu da kalandarmu duk ke ke bugawa, ko kin gaji ne?”

“Wa ya gaji da arziki? Jumma'a ka aiko.”

Raina ya ɓaci. Da ya fita na ce, “Yaya Nuhad, haba.” Ta ce, “Ajiye min kofina ka tafi, direban dutse. Kai da wa kake yi wa aiki?” Na ajiye kofin na fita.

Jumma'a aka ɗauki ƙunshi goma sha huɗu, kowanne ɗaure da zare da sunan gida a sama, aka kai wa manyan dangi. Asabar da hantsi mata suka taru shan gahawa a gidan ungozoma kamar yadda suka saba, sai ga Nuhad, wadda ba ta taɓa zuwa ba. Matata Salwa ta dawo tana haki, ta ja ni kicin ta rufe ƙofa.

“Ta cakuɗa su.”

“Ta cakuɗa me?”

“Takardun, mutumin Allah. Ta saman ce kawai ta gidan. Na ƙasa duk a gauraye suke. Ta ce mu duba.”

Na ciro tawa, ta ciro tata, na ruga gidan wana na karɓi tasa. Uku, kowacce da jerinta daban. Wallahi sai dariya ta kama ni har na zauna a kan buhun albasa.

Abin mamakin shi ne garin nan. Kafar Sinan ce fa, inda in ka yi atishawa a gona kafin ka iso gida an ce kana asibiti. Mutum dubu da ɗari biyu suka riƙe magana ɗaya kwana guda cur. Mai gurasa yana miƙo maka mai barbaɗin ganyen za'atar yana ƙifta ido. Liman da fadan coci suka haɗu a dandali suna ta zancen yanayi, kowanne na danne murmushi. Manyan dangi da ke cin abincin Kamfani ma sun ji, amma wa zai je ya ce shi ne ya raba takardu bai duba ba?

Ranar Lahadi, ranar zaɓe, ban taɓa ganin layi irin wannan ba. Motocin Kamfani ne suka kwaso mu, suka raba mana ruwan sanyi da hula, muka sha, muka sa, muka gode. A da mutum kan shiga bayan labule ya fito nan take, don a ga bai taɓa komai ba. Ranar kuwa tsofaffi sai sun yi minti biyar a ciki. Alƙaluma suka yi wuya. Wata tsohuwa daga gidan Darwish ta leƙo tana cewa, “Wa zai ara min biro? Nawa ya ƙare tun ban kai rabi ba.” Da na shiga, na soke suna tara, ɗaya bayan ɗaya, na rubuta na malamai. Shekarata arba'in da bakwai, ranar na fara zaɓe.

Da aka rufe, muka cika tagogin makaranta muna kallon ƙidaya. Lauya Ghassan ya buɗe littafinsa yana maki cikin natsuwa. Can sai ya tsaya. Gidan Nassar mutum tara ne kacal ke zaɓe, ga takardarsu ta fito sau talatin da ɗaya a akwati guda. Ya cire tabarau ya goge. Ya juya shafi. Wani daga taga ya ce, “Lauya, ko a kawo maka wani littafin?” Makarantar ta ɗauka da dariya. Kujera takwas malamai suka ci. Mata suka yi ta guɗa, aka fito da ganguna, ni da ban iya rawa ba na yi har takalmina ya cire.

Ba a kori kowa ba, don ba a san wa za a kora ba. Mutum ɗaya kawai aka sani.

Litinin da safe lauyan ya tsaya a ƙofar shagon, bai shiga ba.

“Kin san abin da kika yi?”

“Tsufa ne, ranka ya daɗe. Suka zube min a ƙasa, na tattara yadda na iya.”

“Ko takardar shara ba za ki sake buga mana ba.”

“To a gaida Beirut.”

Haka aka yi. Aikin Kamfani shi ne kusan duk aikinta, injin ya koma yin kwana uku bai motsa ba. Mutane suka yi ta kawo mata zaitun da ƙwai da godiya, tana korarsu da faɗa. Amma na lura kullum kujerarta tana fuskantar titi. Mako ɗaya, biyu, uku, Mitri bai zo ba. Ta daina tambayata ko na bi ta wajen tayoyi.

Ranar wata Alhamis ina shagon sai ƙofa ta yi duhu. Mitri ne, da kayan aikinsa, riƙe da wata takarda a ninke. Bai gaishe ta ba. Ya ajiye a kan tebur.

“'Yata Rima za ta yi aure watan gobe. Kati ɗari uku.”

Nuhad ta ɗauka, ta gyara tabarau, ta daɗe tana karanta layi huɗu. Sannan ta ce, “Ka rubuta sunan angon ba daidai ba.”

“To ki gyara, aikinki ne.” Ya juya zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa, bai waiwayo ba. “In kin gama ki cire ɗaya ki riƙe, Yaya. Ba sai na aiko ba.”