Darbejiyar da Aka Dasa a Gonar Kakana

Bari in fara da neman afuwa. Ina ƙarami aka yi abin, kuma ƙwaƙwalwar yaro takan haɗa damina biyu ta mai da su ɗaya. Amma shekaranjiya a motar Gaya direba ya kunna rediyo, ana ta musu a kan kuɗin da gwamnati za ta ware wa dashen itatuwa. Wani na cewa asara ce, wani na cewa hamada ta kusa cinye mu. Sai iska ta shigo da ƙamshin furen darbejiya, ban ƙara jin abin da suke faɗa ba.

Gonar kakana tana gabas da ƙauyenmu, a hanyar Toranke, jigawa ce mai son gyaɗa. Da rani iska kan kwashe ƙasarta, wannan ba zan ɓoye ba. Shi ya sa da malamin daji ya zo a kan babur ya ce hukuma na neman aron gefen gonaki za ta dasa itatuwan tare iska, kakana bai yi gardama ba. Har fura ya sa aka dama masa.

Kakata ce ta ƙi. Tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ko kai ba ta ɗago ba.

"Malam, tun da nake ban taɓa jin an bar mai aro ya dasa itace ba. Gero ake ara wa ƙasa, a girbe a tafi."

"Hukuma ce fa, ba mutum ba."

"To hukumar ce ta sha furar?"

A wajenmu haka al'ada take. Wanda ya dasa itace ya raine shi, nasa ne, kuma ƙasar da inuwarsa ta rufe da wuya ta koma hannun mai ita.

Aka jera darbejiya. Mu jikokin gidan muka yi ta jigilar ruwa daga rijiya rani guda, ko biyu, ban tabbata ba. Na dai tabbata gammo ya cinye mini gashin tsakar kai, har kakata na tsokanata wai angon nata ya yi sanƙo tun kafin biki. A bayan darbejiyar malamin daji ya sa mangwaro, ya ce don mu yara. Shirin ya ƙare, allon hukuma ya yi tsatsa ya faɗi, amma shi bai tafi ba. Shingensa kuma kullum sai ya ƙara matsowa cikin gyaɗa.

Wata shekara da saukar ruwan fari ƙotar fartanyar kakana ta karye, ya sari reshe ɗaya daga darbejiyar. A kan wannan aka kai shi ƙofar dagaci. Na gan shi tsugune a rana, tsoho mai furfura, malamin daji na ɗaga reshen yana nuna wa jama'a ɓarawon itacen gwamnati. Kakana ya ce ai gonarsa ce. Dagaci ya yi masa tambaya ɗaya.

"Wa ya dasa?"

"Shi ne, ranka ya daɗe."

Shi ke nan. Aka karɓe gatarinsa, gefen gonar ya zama na mai dashe. Har ya rasu bai sake bin hanyar gabas ba. In zai ci kasuwar Ajingi sai ya zaga ta bayan gari, komai zafin rana.

Na yi karatu, na san itace na riƙe ƙasa. Da za a tambaye ni a rediyon nan, ina jin cewa zan yi a ware kuɗin, ko da yake ban san yadda ake yi a wasu wurare ba. Sai dai na ji, kuma na bincika har na gamsu, malamin dajin nan ne zai shugabanci masu zaɓen gonakin da za a ara a sabon shirin. Yanzu dattijo ne, mota ke zuwa ɗibar mangwaronsa. Za a yi taron zaɓen gonakin bayan kaka, a ƙofar dagaci.

Ni ba mai ɗaga murya a taro ba ne. Mahaifiyata ta ce in bar wa Allah. Na ce mata na bari, amma ban bari ba. Ina son gonar ta dawo. Fiye da haka, Allah ya yafe mini, ina so in ga mutumin nan tsugune a ranar nan, a gaban jikokinsa, ana tambayarsa wa ya ɗebo ruwan.

Saboda haka duk wanda ya tsaya a ƙofar dagaci ran da aka kai kakana, ko ya ɗauki tulu tare da mu, ina roƙonsa ya same ni ya gyara mini kafin kaka. In adda aka karɓe ba gatari ba, a faɗa mini. Ba na so in miƙe a gaban jama'a da kuskure ko ɗaya da zai samu ya fice ta ciki.