Tattasan Inna da Ruwan Alwala

Shekarar da aka mayar da Malam, maigidana, aiki Dutse, garin bai gama sabawa da zama babban birnin jiha ba. Gidan hayar da muka samu tsakar gidansa duk siminti ne, ga awakin maƙwabta da ba su san sallama ba. Ni kuwa na taho da ƙullin irin tattasai, wanda Inna, mahaifiyata, take shukawa a bayan ɗakinta a Ringim. Bayan rasuwarta na tsince shi a cikin ƙwaryarta, ko cokali bai cika ba. In ya lalace a hannuna, shi ke nan ya ƙare.

Sai na ce a ɗakin ajiya zan rene shi, cikin gwangwanayen madara, in ruwa ya sauka in dasa. Malam ya jawo waya ya rataya ƙwan lantarki a saman su, ya kawo tsohuwar fankar tebur saboda zafin bazara.

Na ce, "Malam, in aka ɗauke wuta fa?"

"Sai ki ɗauki mafici ki yi musu fifita."

"Kai ma yaushe rabon da in yi maka?"

Ya yi dariya, amma ya zauna a bakin ƙofa muka yi shawara. Muka jera gwangwanayen a manyan farantai yadda za su ɗauku, in babu wuta su sha hantsi a gindin taga. In fanka ta tsaya, a jiƙa buhu a rataya a ƙofa. Mun yi tunanin haske, mun yi tunanin iska. Ruwa ne bai zo mana a rai ba, don famfo na nan yana zuba, mun manta shi ma injin burtsatse ne ke turo shi.

Sun fara ganye ke nan taransifomar unguwa ta ƙone. Famfo ya yi tari ya yi shiru. Ɗan garuwa sai an yi sa'a ya leƙo layinmu, abin da ya kawo kuma na sha ne da girki. Ina ji ina gani ganyen ya langwaɓe.

Rannan da azahar ina zaune, Malam ya tsuguna da buta yana alwala, ruwan yana bin siminti yana tafiya kwata. Na tashi na tura masa roba ƙarƙashin hannu. Ya dube ni, sai da ya wanke ƙafa sannan ya ce:

"Wai ni da tattasan nan, wa ya fi daraja a gidan nan?"

"Kai kana iya tafiya masallaci ka samu ruwa. Su fa?"

Daga ranar duk mai alwala a gidan a kan robar yake yi, har abokansa in magariba ta riske su. Shi da kansa yake nuna musu: "Alhaji, nan ake yi, dokar uwargida ce." Ruwa ne mai tsabta, babu sabulu a ciki, in bi gwangwanayen da ludayi ina ɗiga musu.

Na kusa da bango sun mutu, don zafi ya fi dukansu. Sauran suka miƙe. Da damina ta tsaya muka dasa su a bayan gida, muka kewaye da ƙaya. Waɗanda suka fara nuna ban bari sun ga tukunya ba. Shanya su na yi, na fitar da irin, na ƙulla wa ƙannena kowacce nata.