Maƙoƙon Dela Mai Guɗa

Duk amaryar da aka kai ɗaki tsakanin Gwiwa da Roni a shekaru talatin ɗin nan, in ba Dela ce ta rangaɗa mata guɗa ba, to auren da saura. A Gwiwa aka haife ta, kuma tsofaffi sun rantse kukanta na farko sai da ya watsa kajin gida uku. Ta yi aure a Roni, ta haifi biyar, mijin ya rasu, ta ci gaba da suyar ƙuli-ƙuli da bin biki. In ta toshe hanci ta saki murya, 'yan acaɓa a Kazaure gefe suke ja, a zatonsu jiniya ce.

Maƙoƙon ya fito ne bayan haihuwar autarta Rahamatu. Da fari kamar goriba, can ya zama ɗan tulu. Wanzami ya yi masa tsaga sau biyu, shi kuwa sai ƙiba yake kamar ana ba shi dusa. Mata suka yanke cewa a cikinsa guɗar take taruwa. Ita ma Dela ta yarda, har shafa shi take kafin ta fara.

Ran nan a wani biki a Babura, guɗar ta katse a tsakiya, numfashi ya gagara. Tuwo ma ya fara tsaya mata a wuya. Sai asibiti a Kano.

Likita ya ɗauki hoto, ya tsira allura ya gwada, ya ce ba ciwon daji ba ne. Ana iya bari a riƙa dubawa, amma nata ya danne hanyar iska. Ana iya cire ƙwayar wuyan da ta kumbura duka, ta dawwama kan magani kowace safiya. Tunda ƙullutun a dama yake, rabi zai cire.

"Guɗata fa? A ciki take."

"Babu komai a ciki sai tsoka, Mama. Sai dai jijiyar murya a gefensa take. In ta taɓu, kina iya dishewa."

Yayanta Muhammadu Lawal, wanda aka kira ya sa hannu, ya maida biro aljihu. "Wuƙa a wuya? Rago ake wa haka! Tashi mu tafi."

"Yaya, Allah ya ba ka haƙuri, wuyanka ne ko nawa?" Ta jawo takardar ta dangwala babban yatsa, kaɗan ya hana ta huda ta. Ta dubi likita. "Ɗana, fitar da baƙon, ka bar mini 'yar gida."

Aka yi aiki. Ta farka da murya irin ta tsohon agwagwa. Mata suka yi ta zuwa dubiya mai kama da ta'aziyya. Da bikin Rahamatu ya zo bayan wata biyu, a ɓoye suka ɗauko wata mai guɗa daga Kanya Babba.

Baƙuwar na kai hannu hanci, Dela ta miƙe ta yaye mayafi, kowa ya ga tabon, siriri kamar zare.

"A bikin 'yata? Zauna, 'yar nan, ki sha kunu."

Ta ja iska son ranta, abin da ta shekara goma ba ta samu ba, ta saki guɗa. Ba ta kai ta da kaifi ba, amma tsawo! Tuwon da aka kwashe sai da ya huce ba ta dire ba.

Daga zaure Yaya Lawal, yatsu a kunne, ya ce, "Ai da na sani, da na ce likita ya cire duka."